Daga Ina Turawa Suka Samo Waɗannan Kalmomi?

Yawancin wasiƙun wannan karon a kan Turanci suke, don haka muka ɗan ajiye karin maganarmu muka leƙa gidan maƙwabta.

Malam, ana ta yaɗawa a WhatsApp cewa kalmar “news” an haɗa ta ne da haruffan farko na arewa, gabas, yamma da kudu a Turanci. Haka ne? — wata ɗaliba daga Zariya

Ba haka ba ne, ’yata. Asalinta “new”, wato sabo, aka maƙala mata harafin jam’i ta koma sababbin abubuwa, daidai da yadda Faransawa ke cewa “nouvelles”. Tana cikin rubuce-rubucen Turawa tun ɗaruruwan shekaru, alhali ɗabi’ar tsintar haruffan farko a ƙera kalma ba ta yaɗu ba sai a ƙarni na 20, lokacin da irin su “radar” suka fito. Duk sanda aka ce miki wata tsohuwar kalma a kan haruffa aka gina ta, ki fara da shakka, ki nemi a nuna miki takardar da aka fara rubuta ta da shekarar.

Me ya sa Turawa ke kiran ƙauracewa “boycott”? — wani ɗan kasuwa daga Maradi

Alhaji, wannan sunan mutum ne, kuma labarinsa a rubuce yake. Charles Boycott tsohon hafsan sojan Ingila ne, wakilin wani mai gonaki da ake kira Lord Erne a gundumar Mayo ta ƙasar Ailan. Aikinsa karɓar kuɗin haya daga manoma. A 1880 amfanin gona bai yi kyau ba, manoman suka nemi a rage musu kashi 25 cikin ɗari, mai gona ya ce kashi 10 kawai zai sauke. Da suka ƙi biya, Boycott ya tashi korarsu daga gonakin.

A daidai lokacin ne ɗan siyasar nan Charles Parnell ya ba mutane shawara: kada a taɓa lafiyar duk wanda ya ci amanar manoma, a dai juya masa baya. A kan Boycott aka fara gwada maganin. Ma’aikatan gonarsa suka watse, masu kanti suka ƙi sayar masa da ko allura, maƙeri ya ƙi yi masa aiki, har mai kawo wasiƙa ya daina zuwa. Amfanin gona ya nuna babu mai girbi. Sai aka kwaso masu sa kai kusan 50 daga arewacin ƙasar, da jami’an tsaro kusan 1,000 suna gadinsu. An kiyasta cewa an kashe wajen fam 10,000 don a girbe abin da bai wuce na fam 500 ba. Bahaushe dai ya riga ya faɗa: kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kafin shekarar ta ƙare mutumin ya bar Ailan, jaridu kuwa sun riga sun mai da sunansa kalmar aikatau. Faransanci da Jamusanci da Rashanci duk sun are ta. Mu ba mu buƙace ta ba, tun da “ƙaurace” ta ishe mu, kuma a ganina ta fi ta fito da ma’anar.

Sunaye irin su Smith da Johnson da McDonald suna da ma’ana kuwa? — wani malamin firamare daga Kumasi

Ƙwarai. Yadda muke cewa Audu Maƙeri ko Sani Tela, haka mutanen Ingila suka yi ta yi don bambanta masu suna ɗaya a ƙauye. Bambancin shi ne, bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066, laƙabin ya riƙa zama na gado, ɗa ya ɗauka ko da bai taɓa riƙe guduma ba. Smith maƙeri ne, kuma shi ne sunan zuriya mafi yawa a Ingila da Amurka. Baker mai gasa burodi, Miller mai niƙa, Taylor kuwa ɗinki yake yi, kuma daga nan “tela” ɗinmu ya fito. Margaret Thatcher, wadda ta yi firaministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, sunan gidan mijinta ma’anarsa mai baibayar ɗaki.

Johnson kuma ɗan John ne. John ɗin kansa daga Ibrananci yake, Yohanan, wato Allah ya yi alheri. Shi ne Yohanna a bakin Hausawa Kirista, kuma wanda suke kira Yohanna Mai Baftisma shi Musulmi suka sani da Annabi Yahaya. “Mac” ko “Mc” na mutanen Sukotlan da Ailan ma ɗa yake nufi, “O’” kuma jika ko zuriya.

Wai da gaske “alcohol” Larabci ne? Ta yaya sunan giya zai fito daga Larabawa? — wata uwargida daga Kano

Da gaske ne, Hajiya, amma ba giya yake nufi a wajensu ba. “Al-kuhl” shi ne kwalli, wannan dai da kike sa wa ido, kuma kalmarmu ta Hausa ma tushensu ɗaya. Masu harhaɗa magunguna na Turai suka ari kalmar suna kiran duk garin da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai da ita. Daga nan ta koma ma’anar tataccen abu, zallar abin da ya rage bayan an tace. A ƙarni na 16 likitan nan Paracelsus ya kira ruwan da ake tatsowa daga giyar inabi da wannan suna, a hankali sauran ma’anonin suka faɗi, wannan ta tsaya.

Ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. “Magazine” daga “makhazin” take, wato rumbuna ko ɗakunan ajiya. Wani Bature, Edward Cave, ya sa wa mujallarsa wannan suna a Landan a 1731, yana nufin rumbun labarai. Faransawa suka riƙe tsohuwar ma’anar, shi ya sa ’yan’uwanmu na Nijar ke cewa “mangaza”.

“OK” fa?

Raha ce ta ’yan jarida. A 1839 wata jaridar Boston ta taƙaita “all correct” da gangan cikin rubutun ganganci, kamar an rubuta “oll korrect”. Shekarar da ta biyo baya magoya bayan Shugaban Amurka Martin Van Buren, wanda ake yi wa laƙabi da “Old Kinderhook” saboda garinsu, suka ɗauke ta suka shiga yaƙin neman zaɓe da ita. Ita ce ɗaya daga cikin ’yan tsirarun tsofaffin kalmomin da labarin haruffansu ya tabbata, domin jaridar tana nan an adana ta. Van Buren dai ya faɗi zaɓen.