Tambaya da Amsa: Yaron da jikinsa ya saki tun haihuwa, da abin da gwajin tsoka ke nunawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da shekara ɗaya da wata huɗu, amma har yanzu ba ya iya zama sai an tokare shi da matashi. Tun yana jariri jikinsa laƙwas yake, tsotsonsa ba ƙarfi, kuma yakan ƙware idan yana shan nono. Ga shi da wayo, yana gane mutanen gida, har yana kiran Mama. An yi masa gwajin jini na CK aka ce daidai yake, yanzu kuma likitan yara ya ce sai an yanki ɗan naman cinyarsa an duba. Surukata ta ce shan inna ne, kada mu yarda a taɓa shi. Mijina ɗan kawuna ne. Me za a gani a cikin naman, kuma dole ne a yi?
Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ba zan yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba, amma abin da kika bayyana bai yi kama da shan inna ba. Shan inna yakan kama yaron da yake lafiya ƙalau, ya yi zazzaɓi, sai cikin 'yan kwanaki ƙafa ko hannu ya shanye, galibi ɓangare ɗaya ya fi ɗaya. Ɗanki da raunin aka haife shi, kuma raunin ya game jiki. Wannan ne ya sa likitansa yake zargin ɗaya daga cikin cututtukan tsoka na haihuwa, waɗanda asalinsu kuskure ne a ƙwayoyin gado da ke gina tsoka.

Alamomin sukan fara tun kafin haihuwa: motsin ciki ya yi ƙaranci, ruwan mahaifa ya yi yawa saboda ɗan ba ya haɗiye shi yadda ya kamata. Bayan haihuwa, idan an kwantar da jaririn a rigingine sai ƙafafunsa su buɗe har gwiwoyi su taɓa shimfiɗa, idan an jawo hannuwansa don a zaunar da shi sai kai ya rinjaya baya, idan kuma an ɗaga shi ta hamata sai a ji yana zamewa daga hannu. Raunin ya fi tsanani a wuya da kafaɗa da ƙugu. Wasu yaran fuskarsu doguwa ce, baki a buɗe, ganɗa ta yi zurfi, fatar ido ta sauko. Wasu kuma ana haihuwarsu da gocewar ƙugu ko ƙagewar gaɓoɓi, daga baya ƙashin baya ya karkace. A mafi yawansu hankali lafiya lau yake, kamar yadda kika gani a ɗanki.

Sai dai akwai wasu cututtuka da ke kawo irin wannan sakin jiki, kuma wajibi ne a kawar da su tukuna: lahanin ƙwaƙwalwa lokacin haihuwa, ƙarancin aikin tayirod (sashen da ke gaban wuya, wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo), tamowa, da ciwon lalacewar jijiyoyin laka da ake kira SMA, wanda akan gane shi da ɗan karkarwar harshe, kuma gwajin jini na ƙwayar gado SMN1 ne ke tabbatar da shi ba tare da yanka ba. Ki tambayi likitansa ko an duba waɗannan.

Game da CK, sinadari ne da ke cikin tsoka, yana tsiyayowa cikin jini idan tsokar tana rushewa. Cututtukan tsoka na haihuwa gida biyu ne. A gida na farko ginin tsokar ne ya zo da tawaya amma ba ta rushewa, don haka CK yakan zama daidai ko ya ɗan ɗaga, ciwon kuma ba ya saurin ci gaba. A gida na biyu tsokar tana mutuwa a hankali, CK yakan hau, wani lokaci ya ninka sau goma ko fiye. Sakamakon ɗanki ya fi karkata ga gida na farko, amma bai isa hujja shi kaɗai ba, shi ya sa ake son ganin tsokar da ido.

Ki ɗauki tsoka kamar damin kara: idan aka yanke shi a kwance za a ga bakunan karare a jere, kusan girmansu ɗaya. Haka silin tsoka mai lafiya ke bayyana a madubin likita, kowane sili da 'yar ƙwayarsa mai ɗauke da bayanan gado a manne a gefe. Idan aka shafa wa yankan rini iri-iri, kowace cuta takan nuna kamanninta. Akwai wadda rinin NADH ke kama silin gaba ɗaya ya bar fili fari a tsakiya, domin wurin babu sassan da ke samar wa tsoka kuzari. Likitoci biyu, Shy da Magee, su ne suka fara bayyana ta a 1956, kuma yawanci kuskuren yana cikin ƙwayar gado RYR1. Akwai nemalin, da aka bayyana a 1963, inda rinin Gomori ke fito da ƙananan sanduna jajaye a cunkushe cikin sili. Ita takan taɓa fuska da haɗiya da numfashi. Akwai kuma wadda ƙwayar da ya kamata ta zauna a gefe take komawa tsakiyar sili. Nau'inta mafi tsanani, na ƙwayar gado MTM1, 'ya'ya maza yake kamawa ta hanyar uwa, kuma da yawansu ba sa iya numfashi da kansu tun ranar haihuwa. A wasu yaran babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, illa dai silin da ke aikin juriya sun fi 'yan'uwansu masu aikin sauri ƙanƙanta.

A gida na biyu hoton daban ne: sili manya da ƙanana a cakuɗe, wasu sun mutu, wasu suna sake tsirowa, kitse da tabo sun cike gurbin waɗanda suka ɓace. A nan akan yi rini na musamman don a ga ko wani furotin ya ɓace, kamar merosin, wanda rashinsa kan hana yaro kai wa ga tafiya da kansa, ko kolajin na 6, wanda matsalarsa ke kawo ciwon Ullrich, inda yatsu ke lanƙwasuwa fiye da kima alhali gwiwar hannu da ƙugu sun ƙage.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne yadda za a yi gwajin, domin a nan ne ake asarar wahalar yara da yawa. Abin da ake cira ɗan kaɗan ne, kuma wurin yakan warke cikin mako biyu, amma dole a zaɓi tsokar da ciwon ya taɓa bai cinye ta ba, kuma ba wurin da aka yi allura kwanan nan ba. Sannan ba a jefa dukan naman cikin ruwan fomalin, wanda ake adana nama a ciki, kamar sauran nama, domin fomalin yana kashe sinadaran da waɗancan rinin ke nema. Daskarar da shi ake yi nan take da sanyin ruwan naitirojin. Kafin ku sa hannu, ki tambaya a fili: ina za a kai naman, kuma suna da kayan daskarar da shi? Idan babu, a ganina gara a jinkirta a nemi wurin da ke da su, ko a fara da gwajin ƙwayoyin gado ta jini, wanda a yau ƙasashe da dama shi suke gabatarwa. Kamanni ɗaya a madubi yana iya fitowa daga ƙwayoyin gado daban-daban, saboda haka gwaje-gwajen biyu taimakon juna suke yi.

Batun zumuncinki da mijinki yana da muhimmanci, ba don a ɗora wa kowa laifi ba. Idan nau'in da sai an gada daga uwa da uba ne, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da ciwon, kuma sanin nau'in ne kaɗai zai ba ku wannan amsa. Yawancin waɗannan cututtuka ba su da maganin warkewa tukuna, amma gashin jiki da motsa gaɓoɓi a hannun ƙwararru yana hana gaɓoɓi ƙagewa, cikakkiyar rigakafi tana kare ƙirjinsa, abinci mai ɗan kauri a zaune yana rage ƙwarewa. Duk ranar da ya yi tari da zazzaɓi ko numfashinsa ya yi sauri, a kai shi asibiti a ranar. Ki karanta wa surukarki wannan amsa cikin ladabi, tsoronta na ƙauna ne.

TAMBAYA: Likita, an tabbatar wa 'yata mai shekara 9 ciwon tsoka na RYR1, yanzu kuma za a yi mata tiyatar ƙugu. An ce allurar barci tana da haɗari gare ta. Mu fasa ne?
Daga wani uba a Maraɗi.

AMSA: Malam, kada ku fasa, amma ku sanar da likitan da zai sa ta barci tun kwanaki kafin tiyatar, da takardar gwajin a hannu. Masu wannan ciwo suna iya samun wani mummunan rikici idan aka ba su maganin barci na shaƙa irin su halotan da isofuluren, ko allurar suksametoniyam: tsoka ta sandare, zuciya ta yi gudu, zafin jiki ya hau da sauri, kuma yana iya kisa idan ba a ba da maganin dantirolin nan da nan ba. Akwai magungunan da ba sa tayar da shi, kamar furofofol da ketamin da allurar baya, kuma ana wanke na'urar barcin daga ragowar maganin shaƙa kafin a haɗa ta da ita. Tun da wannan hali yakan bi jini daga uwa ko uba kai tsaye, kai da mahaifiyarta da sauran 'ya'yanku ku riƙa faɗin haka duk lokacin da za a yi wa ɗayanku tiyata, ko da ba ya jin rauni a jikinsa.