Tambaya da Amsa: Wacce ce "Summertime" ta gaskiya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shekara biyu ke nan ina koyon busa saksofon, kuma waƙar da hannuna ya fi faɗawa a kanta ita ce "Summertime". Na tara ta kusan kala goma a wayata, kowace da irin tata tafiyar. Wani da ya girme ni a harkar ya ce min ɓata lokaci nake yi, wai ta asali ce kaɗai waƙa, sauran duk gurɓatawa ce, in na ci gaba da jin su kunnena zai lalace. Maganar ta tsaya min a rai har na daina busa ta. Wacce zan riƙe, wacce zan goge? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ƙanena, kada ka goge ko ɗaya, kuma ka ɗauko saksofon ɗinka yau ɗin nan.

In kun sake haɗuwa da wannan yayan naka, ka tambaye shi cikin ladabi wacce yake nufi da ta asali. Na sha yi wa mutane wannan tambaya, kuma kusan kullum amsar ita ce wadda mawaƙan Amurka Ella Fitzgerald da Louis Armstrong suka yi a 1957. To ai wannan ta zo ne shekara ashirin da biyu bayan an haifi waƙar. George Gershwin ya tsara kiɗanta, DuBose Heyward ya rubuta baitocinta, don wasan opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, mai suna Porgy and Bess da aka fara nunawa a Amurka a 1935, kuma wadda ta fara rera ta a dandali ita ce Abbie Mitchell, da siririyar murya irin ta masu opera. Da wuya ka samu ɗaya cikin masu wa'azin "asali" da ya taɓa zama ya saurare ta. Abin da suke kira asali, wadda kunnensu ya fara cin karo da ita ce kawai.

Ko a cikin wasan ma ba fuska ɗaya waƙar take da ita ba. Waƙar raino ce. Clara, matar wani masunci a unguwar talakawan baƙar fata a garin Charleston, ita ke rera wa jaririnta a farkon wasa, tana ce masa damina ta yi albarka, ubansa mai arziki ne, ya yi shiru ya daina kuka, alhali ba su da komai. Ta sake rera ta a tsakiyar guguwa, mijinta yana can cikin teku, gabanta na faɗuwa. A ƙarshe, bayan ruwa ya cinye ita da mijin, Bess, jarumar wasan, ce ke rera wa marayan da suka bari. Kari ɗaya, amma na farko lallashi ne, na biyu tsoro, na uku makoki. Gershwin da hannunsa ya juya ta haka. Wa ke da hurumin cewa ba a juya ta?

Wannan magana ta "asali" ita ce cutar da na fi fama da ita a wajen ɗalibai, kuma tana ƙona min rai saboda na ga irin ɓarnar da take yi. Akwai wani yaro da na koyar, mai basira ƙwarai, da wani ya cusa masa wannan ra'ayi. Ya zauna wata huɗu yana haddace busar mai ƙaho Miles Davis ta 1958, wadda ya yi da ƙungiyar Gil Evans, har inda Miles ke jan numfashi sai da ya kwaikwaya. Ranar da aka haɗa shi da mai fiyano, mutumin ya ɗan sauya maɓalli, wato matakin sautin da ake ɗora waƙa a kai, ya ƙara sauri kaɗan. Yaron nan ya tsaya cak, bakin ƙaho a leɓensa, gumi na zuba, ya kasa fitar da sauti ko ɗaya. Faifai ya haddace, waƙar kuwa bai san ta ba. Sai da muka yi wata shida muna warware abin da aka ɗaure masa.

Kuma masu yaɗa wannan abu sun cika intanet. Mutum bai taɓa riƙe kayan kiɗa ba, ya kunna kyamara ya jera maka "goma mafi kyau", ya yanke hukunci wai wannan ta bi asali, waccan ta kauce. Kauce wa me? Abin da aka rubuta a takarda ɗan kaɗan ne: gajeren kari da jerin sautukan da ke tallafe shi a ƙasa. Sauri, maɓalli, nauyin ganga, inda za a yi shiru, duk an bar wa mai kiɗa. Waƙoƙin da masu jazz, wato salon kiɗan da baƙar fatar Amurka suka ƙirƙiro, suka gada haka suke rayuwa. Kai da kake busa saksofon, je ka saurari "Body and Soul" da Coleman Hawkins ya busa a 1939. Daga 'yan sautukan farko ya saki karin ya kama nasa ginin, kuma har gobe wannan faifai ne malamai ke ɗora wa ɗalibai. In da dokar yayanka ake bi, da an jefar da shi a shara.

Ba ina cewa duk ɗaya suke ba. Akwai waɗanda suka rera "Summertime" don nuna tsawon numfashi kawai, ka ji ihu ba ka ji uwa ba, ba ka ji jariri ba. Irin waɗannan ba sa burge ni. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: me wannan mutum ya gani a cikin waƙar, kuma ya iya riƙe abin da ya gani daga farko har ƙarshe?

Da wannan ma'auni ka koma wayarka. Billie Holiday a 1936, tana da shekara 21, ta cire waƙar daga gadon jariri ta kai ta filin rawa, ganga na bugawa da nauyi, ita kuma tana biyo kiɗan a baya kaɗan kamar mai tafiya ba ta gaggawa. Sidney Bechet a 1939, a kamfanin faifai na Blue Note da aka kafa a wannan shekarar, ya busa ta da ƙaramin saksofon a hankali, sautinsa na karkarwa kamar muryar tsohuwa mai kuka. Ni dai wannan ce tawa, ita ce ta fi kusa da makokin Bess. Miles ya toshe bakin ƙahonsa, yana faɗin kaɗan yana barin fili, ƙungiyar na amsa masa da 'yar jimla ɗaya da take ta maimaitawa. John Coltrane, mai busa saksofon, a 1960 ya zo da zafi, Elvin Jones na tura shi da ganga, babu sauran lallashi a ciki. Janis Joplin a 1968 ta yage murya a kanta har ka ji kamar ita ce jaririn da aka kasa rarrasawa.

Ga aikin da zan ba ka na mako biyu. Fara da rera karin da bakinka, ba kayan kiɗa, har ya zauna. Sannan kowace rana ka ɗauki biyu kawai, misali Bechet da Coltrane, ka ji layin farko na wannan, ka tsayar, ka ji layin farko na wancan. Rubuta a takarda wa ya shigo da wuri, wa ya jinkirta, wane sauti aka ja, wanne aka haɗiye. A mako na biyu ka kashe wayar gaba ɗaya, ka busa ta sau uku: sau ɗaya ga jariri mai barci, sau ɗaya cikin guguwa, sau ɗaya ga maraya. Ka naɗi ukun ka turo min in ji.