Shin ya halatta a ƙone ciyawar maƙabarta a kori halittun da ke cikinta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina cikin kwamitin kula da maƙabartarmu, duk damina ciyawa sai ta rufe ko'ina, bishiyoyi sun girma tsuntsaye cike, ga zuma a kogon wata bishiya, mujiya ma tana kwana ciki, kwanaki kuma mai gadi ya ga maciji. Matasa sun ce idan ciyawar ta bushe a sa wuta a sare bishiyoyin a fesa magani kowa ya huta. Da na ce a bar wani ɓangare sai wani yace ai wannan koyi ne da Kiristocin Ingila masu barin harabar coci saboda tsuntsaye da furanni. Malam mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri kai da matasan nan, niyyarsu mai kyau ce, hanyar ce ke buƙatar gyara.

Toh wuta dai a ajiye ta gefe, ban ga halaccin cinna ta a kan kaburbura ba. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya ga gidan tururuwa da sahabbai suka ƙona sai yace bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta, kuma a hadisin nan ne suka ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa ta zo tana kaɗa fuffuke, yace wa ya tayar wa wannan hankali da 'ya'yanta, ku mayar mata. Kaga wutar da kuke shirin sawa ba ta tambaya, tururuwa da kwaɗo da ƙwan da ke sheƙa duk za ta haɗa, alhali an hana kashe tururuwa da zuma da alhudahuda da wata tsuntsuwa da ake kira surad a hadisin Ibn Abbas, kwaɗo ma an hana. Sannan ga alfarmar mamaci, wanda aka ce gara mutum ya zauna kan garwashi da ya zauna kan kabarinsa, shi ne za a zo a hura wa garwashin a ka? Khalil, malamin Malikiyya, a littafinsa Mukhtasar yace kabari hubusi ne, wato waƙafi, ba a tafiya a kansa ba a tona shi matuƙar mamacin na ciki.

Na taɓa rakiyar gawa wata maƙabarta kwana kaɗan bayan an ƙone ta, wallahi har yau abin na raina, ƙasa baƙa ƙirin toka na tashi cikin idon masu ɗauke da makara, ga wata bushiya ta dunƙule a gefen kabari ta ƙone a haka. Da ruwan farko ya sauka na koma ziyara na tarar da kaburbura da yawa sun zaizaye wasu sun rufta, don saiwar ciyawar nan da ake raina wa ita ce ke riƙe ƙasar.

Ɗanyar ciyawa kuwa malamai sun yi magana a kanta tun da daɗewa. Bukhari da Muslim sun kawo cewa Annabi (SAW) ya wuce kaburbura biyu ana musu azaba, ɗaya ba ya kiyaye fitsari ɗaya annamimi ne, sai ya tsaga ɗanyen reshen dabino gida biyu ya kafa a kowanne yace wataƙila a sassauta musu matuƙar bai bushe ba. Daga nan malaman Hanafiyya, kamar yadda Ibn Abidin ya kawo, suka karhanta cire ɗanyen tsiro daga maƙabarta banda busasshe, don ɗanye yana tasbihi. Khaɗɗabi da wasu sun ce a'a wannan na Annabi ne shi kaɗai, shi aka nuna wa azabar. Ni abin da na fi natsuwa da shi, kar a dasa wani abu kan kabari da nufin ibada ko sassauta azaba, amma abin da Allah ya tsirar da kansa kuma bai cutar da kowa ba a ƙyale shi, ai aya ta 44 a Isra'i tace babu wani abu face yana tasbihi da gode masa, ta 38 a An'am kuma ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinku.

Maganar koyi da Kiristoci ba ta tsaya ba ɗan'uwa. Gaskiya ne a Ingila akwai majami'u da ke barin wani yanki ba a yanke ciyawarsa sai furanni sun zubar da iri, amma wannan ba ibadarsu ba ce, lura suka yi cewa ƙasar da aka daɗe ba a noma ba, ba taki ba feshi, tana riƙe tsirrai da ƙwari da suka ɓace a gonakin kewaye, kuma masu bincike sun samu irin haka a maƙabartun Musulmi a Turkiyya. Maƙabartar Madina ma sunanta Baƙi'ul Garƙad, sunan wata bishiya mai ƙaya da ke wurin. Mujiya kuma dan Allah a daina jifanta, Larabawan jahiliyya ne ke cewa daga mamaci take fitowa, Annabi (SAW) ya rushe wannan da cewa "la hamata", wato babu wannan camfin na mujiya, tsuntsuwa ce kawai kuma ɓeraye take ci muku.

Inda cuta ta bayyana hukunci ya canza, "la darara wa la dirar", wato ba cuta ba cutarwa. Bishiyar da saiwarta ke shiga kabari ko take neman faɗowa a sare ta, kuma kar a tumɓuke kututturen idan zai buɗe kabarin, karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne da rai. Dabbar da ke tona kabari a kore ta a toshe ramin a gyara katanga. Maciji da kunama idan sun fito inda mutane ke bi a kashe su da sanda ko makami, suna cikin waɗanda aka yi izinin kashewa har a Harami. Zumar idan tana kusa da inda ake binnewa tana harbin mutane ku nemo wanda ya iya ya ɗauke ta, idan tana can nesa ku bar ta.

Sai ku sa lauje ku buɗe hanyoyi da kewayen kaburbura yadda mai ziyara zai ga inda yake taka wa kuma ɓata-gari ba za su samu maɓoya ba, busasshiyar ciyawa a kwashe ta waje don kar gobara ta tashi, gefen katanga da inda ba a fara binnewa ba a bar shi, maganin feshi kuma sai inda hannu ya kasa. Itacen da aka sare ba na ɗan kwamiti ba ne, na maƙabartar ne, a yi mata aiki da shi ko a sayar a sa kuɗin a gyaranta.

Wallahu a'alam.