Me ya sa dabbun Najd ya fi na Hijaz girma?

Malam, ka tambaya me ya sa dabbun da ka gani wajen Riyad a yankin Najd, wato ƙadangaren nan na hamada mai ƙaya a wutsiya, ya kusa ninka na duwatsun Hijaz girma. Ba iri ɗaya ba ne. Na filin Najd yakan kai santimita 75, yana haƙa rami mai zurfi a ƙasa mai tsakuwa. Na dutse ba ya kai 40, a tsagin duwatsu yake ɓuya.

Amma ka duba shekarunsu kafin ka kwatanta. Dabbu a hankali yake girma, kuma manya ne mafarauta suka fi kwashewa. Lokacin da nake kiwon raƙuma wajen garin Kharj da ke kudu da Riyad, kusa da titi ƙanana kawai nake gani, abin ya dame ni ƙwarai. Sai na nutsa cikin sahara nake cin karo da manya.