Alhaji bar maganar buɗe ejansi, rasit ɗinka yana ina?

Wani ɗan Kantin Kwari ya turo tambaya, wai yana da yara uku da yake turawa Guangzhou da Dubai da Legas saro kaya, kuɗin tafiya yana cinye masa riba, to ko ya buɗe kamfanin sayar da tikiti ya riƙa samun rangwame har ya ci riba a kai? Can ƙasa sai ya ce, "ƙanin mai ɗakina ne yake yanka mana tikiti, ni dai in ya faɗi kuɗi sai in tura."

Alhaji ai a nan gizo ke saƙar. Bara nawa ka kashe a tafiye-tafiye, jirgi da otal da biza da guzuri? Na san ba za ka iya faɗa ba, kuma a haka kake son buɗe wata sana'ar da ba ka san kanta ba, haba. Ba cewa nake surukinka ɓarawo ne ba, amma tikitin nan da yake turo maka ta WhatsApp ka taɓa buɗe shi ka duba farashin da ke jiki? Na taɓa zama da wani mai shadda, muka tattaro tikitocinsa na shekara guda, ashe ɗan yayarsa yana ɗora dala ɗari ko fiye a kan kowanne, kuma kullum sai saura kwana biyu yake yanka alhali an san ranar tafiya tun wata biyu baya. Da na nuna masa sai ya yi shiru, can ya ce ai ɗan gida ne. To ɗan gidan ne ya ci.

Kafin Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a 2024 ta haura 1,500, yanzu dala ɗari ba abin da za a kawar da kai ba ne.

Manyan kamfanoni tun korona ta 2020 suka gane da yawa cikin tafiye-tafiyensu yawo ne, taro ya koma Zoom, kuma ba mai hawa jirgi sai ya rubuta dalili an sa hannu, guzurin kullum a yanke yake, abin da ba rasit ba a biya. Kai ma haka za ka yi ko da a littafin ɗari biyar ne. Baje kolin Canton, wato babban baje kolin kayan da ake yi a Guangzhou, a Afrilu da Oktoba ake farawa duk shekara, ba ya zuwa ba zata, ka yanki tikiti da wuri kafin otal ya yi tsada. Masana'antar da ka riga ka saba da ita kuma me zai sa yaro ya tashi har Sin don ganin kala? Su nuna masa a bidiyo ta WeChat.

Gobe ka kira surukin naka cikin mutunci, ka ce daga yau kowane tikiti da rasit ɗinsa, ladansa kuma a rubuta daban, sannan ka tambayi farashi wajen wasu ejan biyu kafin ka tura kobo. In ya yi fushi kada ka saka Hajiya a ciki, ka bar shi ya huce. Bayan wata shida ka turo min littafin mu duba.