Me ya sa ake maimaita hoton MRI ga mai cutar MS?

Tambaya: Likita, shekara biyu ke nan da aka tabbatar ina da cutar MS (multiple sclerosis, wadda ke taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka), ina kan magani, kuma ciwon bai sake tashi ba. Duk da haka an ce a sake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwata da na'urar MRI. Mene ne amfanin hakan tunda ina jin garau?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Jin daɗin jiki ba ya nufin cutar ta kwanta, domin garkuwar jiki kan ci gaba da cin rigar kitsen da ke lulluɓe da zaren jijiyoyi a wuraren da ba sa nuna alama, har sababbin tabban da hakan ke bari a ƙwaƙwalwa kan ninka tashin ciwo sau biyar zuwa goma. Wannan ɓarna ta ɓoye ake farauta.

A hoton da ake kira FLAIR, tabo kan fito fari fat, sau da yawa mai siffar ƙwai, a gefen ramukan ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa, sai dai hoto guda ba ya faɗin ko na bara ne ko na jiya. Shi ya sa likita ke jera tsohon hoto da sabo, yana bi yanka-yanka, yana neman tabon da ya ɓullo ko wanda ya ƙara girma. In an yi allurar gadoliniyam, wani sinadari da ke ƙara fito da hoto, tabon da ke cikin kumburi yakan yi haske saboda shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya yi ɓaraka, hasken kuma kan dusashe cikin 'yan makonni. Wanda ya fi damuna shi ne tabon da ya daɗe baƙi a wani nau'in hoton da ake kira T1, don yana nuna zaren jijiyar kansa ya lalace.

Bisa ƙa'ida, akan ɗauki hoton da za a riƙa kwatantawa da shi wata 3 zuwa 6 bayan fara magani, sannan a maimaita duk shekara, in sababbin tabbai suka bayyana a duba yiwuwar sauya maganin. Na'urar maganaɗisu take amfani da shi, babu hasken da ke cutarwa, amma ki sanar da ma'aikata idan kina da juna biyu, ciwon ƙoda, ko ƙarfe a jiki. In da hali, a yi miki a na'urar da aka yi na baya, domin mai ƙarfin tesla 3 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) kan fito da ƙananan tabbai da mai 1.5 ta tsallake, sai a ɗauke su sababbi alhali tuntuni suna nan.