Addu'a a Ɗaki Ko a Bainar Jama'a: Shin Nassosi Sun Saɓa wa Juna?

Tambaya: A Matiyu 6:6 Yesu ya ce mai addu'a ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, amma a 1 Timoti 2:8 Manzo Bulus yana so maza su yi addu'a a ko'ina suna ɗaga hannuwa masu tsarki. Ashe wannan ba tufka da warwara ba ne? Daga wani mai karatu a Kafanchan.

Amsa: Ɗan'uwa, a ganina babu saɓani, muddin aka karanta Matiyu sura ta 6 tun daga farkonta. Aya ta 1 ta gargaɗi mutum kada ya yi ayyukan ibada a gaban mutane domin su gan shi, sannan aka kawo misalai uku, wato sadaka da addu'a da azumi. Waɗanda Yesu ya kira munafukai a aya ta 5 su ne masu son tsayawa a majami'u da kan hanya domin idon jama'a ya faɗa kansu. Riya ce ya la'anta, kuma addu'ar da ya koyar nan take da "Ubanmu" ta fara, da bakin jam'i.

Inda maganar ta fi ɗaukar hankali shi ne Yahaya 11:41-42. A bakin kabarin Li'azaru, Yesu ya ɗaga kai sama ya gode wa Uba da murya, har ya faɗa ƙarara cewa saboda taron da ke tsaye ya yi maganar. Ke nan da gangan ya so a ji shi, sai dai abin da yake nema shi ne su gaskata Uba ne ya aiko shi, ba su yaba masa da iya addu'a ba. Haka kuma a Luka 18, Bafarisiye da mai karɓar haraji duk a Haikali ɗaya suka tsaya, na farko yana lissafa azuminsa da zakkarsa, na biyu yana can nesa yana bugun ƙirji, ya kasa ko ɗaga ido sama, kuma shi ne ya koma gida baratacce. Da a ce wurin addu'ar ne matsalar, da dukkansu an ƙi su.

Almajirai ma ba su ɗauki rufe ƙofa a matsayin haramta taro ba. Bulus da Sila sun yi addu'a da tsakar dare a kurkukun Filibi sauran fursunoni suna saurare, kuma a Ayyukan Manzanni 21:5 masu bi na birnin Taya, har da mata da yara, sun durƙusa a bakin teku.

Sai dai ban yarda a mayar da wannan bayani mafaka ba, domin gargaɗin yana nan daram a kan duk wanda aka miƙa wa makirufo a coci ko wajen biki. A Markus 12:40 Yesu ya ce malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye, suna kuma tsawaita addu'a don ganin ido, hukuncinsu zai fi tsanani.